Layar da Yaya Ya Ƙona

Wani abokina mai sayar da waya a Sabon Gari ne ya buɗe mini asusun kirifto, wato kuɗin intanet. Da kalmomin sirri goma sha biyu suka fito a wayata, sai ya juya baya. Ya ce in rubuta su da hannuna, kada ko shi ya gani, domin in waya ta ɓata su kaɗai za su dawo mini da dukiyata.

Ɗakina a Fagge yoyo yake yi da damina, ga gara. Sai na kai wa baduku takardar ya ɗinke ta cikin fata, na rataye ta a ƙusa bayan ƙofa. A ganina na yi dabara.

Yayana ya shigo neman caja ba na nan, ya gan ta. Bai tambaye ni ba, bai farke ya duba ba. Ya ce wa Inna ɗanta ya fara bin bokaye, ya jefa ta a murhu. Suka yi gum, wai kada su kunyata ni.

Ba a jima ba aka zare mini wayar a cunkoson bakin tashar jirgi. Na dawo gida a guje, na tarar da ƙusa ita kaɗai.

Inna ce ta faɗa mini abin da ya faru. Da na yi wa Yaya bayani, cewa ya yi, "Ai dukiyar da sai da laya ake riƙe ta ba ta da albarka."

Har yau in mun haɗu, jira yake in gode masa.