Tanimun, Direban da Ya Bi Sautin Taɓarya

Shekara talatin da ɗaya, duk wanda ya leƙa tashar Birnin Ƙonni bayan sallar asuba ya san abin da zai tarar. Malam Tanimun ne, ɗan Tsarnawa, bokiti a hannu, tsumma a kafaɗa, yana zagaya bas ɗinsa mai kujera goma sha tara yana harbin tayoyi da ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ya duba mai, ya duba ruwa, sannan ya zauna wurin mai shayi ya karya kumallo. Makon jiya ya aje makulli. Idanu sun fara yi masa gardama, shi kuwa ya ce ba zai yi caca da ran mutane ba.

Yamai ce hanyarsa ta kullum, amma an fi saninsa da ranar wasa. In za a buga babban wasa a filin ƙwallo na Yamai, wanda muke ce wa sitad, tun da duku-duku mutanen Bazaga da Tsarnawa da Malbaza suke cika masa mota. Sauran direbobi a tashar Yamai suke zube ka, ka ji da kanka. Ka tsai da taksi, ka yi Hausa, a mayar maka da Zabarmanci, ka wuni kana zagaye gari har a tashi wasan. Tanimun bai taɓa yin haka ba. Har bakin ƙofa yake kai mutane, ya kafa doguwar gora mai jan ƙyalle bisa motar don a hango ta daga nesa. Kuma ba ya tashi sai wanda ya ɗauko na ƙarshe ya shiga.

In an kai Doso yakan rage gudu ya yi huɗubarsa, wadda har mun haddace muna tsokanarsa da ita: "Ku ji ni da kyau. Hilin ga kamar rumbu shike, kewayayye, ƙohohi nai duka kama ɗaya. Kada kowa shi yi shaida da mai talla, mai talla tashi shikai. Ku dubi lambar ƙohwa." Mu yi dariya mu ce Liman ya hau mumbari. Wani ɗan Bazaga ya ba ni labarin ranar da aka ture shi a cunkoso ya gurɗe ƙafa, Tanimun ya goyo shi tun daga ƙofa har mota, ga shi ƙato. Irin waɗannan labarai suna da yawa. Nawa ne dai ban taɓa bayarwa ba.

Ni Yahuza ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tajaye. Shekara tara da suka wuce, cikin damina, ƙungiyar da ƙanena Faruk yake tsare wa raga ta kai wasan ƙarshe. Mahaifiyarmu, Inna Lantana, wadda ko Tawa ba ta taɓa zuwa ba, ta ce sai ta ga ɗanta da idonta. Baba ya ƙi, ya ƙi, da ƙyar ya yarda. Muka kwana Ƙonni, da safe ya rako mu har tasha ya damƙa mini hannunta a gaban Tanimun, ya ce, "Yahuza, ga uwarka. Ba ta da waya, ba ta jin Zabarmanci, ba ta jin Faransanci. Kai ne bakinta, kai ne idonta."

Muka isa da azahar, muka shiga. Wasa ya yi wasa, har aka kai bugun daga kai sai mai tsaron gida, Faruk ya kaɗe biyu. Wayyo! Ban san lokacin da na tsallake kujeru na bi ƴan murna zuwa bakin fili ba. Na manta da Inna. Wallahi na manta da ita sarai, ni da nake koya wa yara biyayyar iyaye. Da hankalina ya dawo na koma wurin zamanmu, sai kujera. Na ruga mota, mutum goma sha bakwai sun hallara, babu ita.

Rana ta yi ja, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Dubban mutane suna ta ɓulɓulowa ta kowace ƙofa, babura da taksi suna ta ihu. Na zaga filin sau biyu ina kiran "Inna! Inna!" har muryata ta dushe. Wani fasinja mai suna Mutari, ma'aikaci da ke da buro, wato ofis, washegari, ya ce a kai rahoto wurin ƴan sanda a kama hanya kafin ruwa ya sauko.

Tanimun ya zare makulli ya jefa aljihu. "Mutari, wanda ka sauri ga tasha can. Ni da ita niz zo, da ita zan koma."

Sannan ya juyo gare ni. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi: "Innarka tana tambayar baƙon namiji hanya?"

Na ce ko a Tajaye ba ta yi.

"To bari neman ta cikin maza. Tsohuwar ƙauye in ta ɓace da marece, inda taj ji daka can ta nuhwa, don ta san inda turmi shike akwai mata. Biyo ni, kuma ka yi shiru."

Muka ba filin baya. Kowa yana bin titi, mu muka bi lungu, wajen wasu gine-gine da ba a ƙarasa ba, inda masu gadi suke kafa bukkoki da iyalansu. Ya yi tafiya kaɗan ya tsaya, ya karkata kai. Ya ƙara gaba ya tsaya. Ni kuwa ban jin komai. Wuri na farko da muka ji daka muka leƙa, wata yarinya ce ke dakan yaji, ba su ga kowa ba. Iska ta taso, aka fara yayyafi. Can ya ɗaga hannu.

"Ji wancan. Taɓarya biyu na. Guda ana jehwa ta sama a tahwa kahin ta sauko. Wanga hannun mutanenmu na."

Muka yi sallama a bakin wani zana. Ga Inna, ta ɗaure gyale a ƙugu, tana lugude da matar mai gadi, tana cilla taɓarya tana tafawa. Ashe da na ɓace mata ta fito neman mai gyaɗar da ta yi wa ƙofa shaida da ita, mai gyaɗa kuwa ta daɗe da tashi. Ba su jin maganar juna ita da matar gidan, amma an ba ta ruwa, ita kuma ta karɓi taɓarya. Na durƙushe ina kuka kamar yaro. Ita ko kallona ba ta yi ba, Tanimun ta duba.

"Direba, ka zo? Dakata in ƙare ma mutane dakansu."

Ya tsaya cikin yayyafi har ta gama.

Malam Tanimun, har yau in na tuna sai mamaki ya kama ni. Garin da ya haɗiye dubun dubata, kai ka tsamo mace ɗaya da kunne. Ba a lakwal ka koyi wannan ba. Kai ne wanda ya ɗauki mutanen ƙauye shekara talatin bai raina su ba, har ya san yadda tsoronsu yake tafiya da inda yake kai su. Na Tsarnawa, mai kai wa ya dawo da kai!

Saura abin da ya fi yi mini nauyi. Da muka koma, labari ya riga mu gida. Baba yana tsaye a tasha, fuska ba annuri, ya tambayi yadda aka yi. Kafin in buɗe baki ka ce, "Baba, laihina na. Ni na aje mota nesa da ƙohwa." Baba ya wanke ka tas a gaban mutane, ya ce ba ka san darajar tsofaffi ba. Ka sunkuyar da kai kana ba da haƙuri. Inna ma ta rufa mini asiri. Ni kuwa na yi tsit, na bar ka da shi.

Direbobinmu masu tasowa, ga hanya an share muku. Fasinja amana ne tun daga tasha har ƙofar gidansa, ku san mutanen da kuke ɗauka kamar yadda ya san su. Na gode, Malam Tanimun. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa ka huta cikin rufin asiri irin wanda ka yi mini.

Baba yana raye, kuma har yau in an ambaci sunanka sai ya kau da kai. Ran Juma'a zan zauna gabansa in karanta masa wannan takarda da bakina. Motar tana daidai ƙofa, Baba. Ni na saki hannunta.