Mai Ƙera Amalanke

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar jarrabawar baka ta Ingilishi a Gazawa, cikin watan Yuni, damina ta fara sauka. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ɗalibin da ke neman burebe, wato takardar gama kwaleji, yakan shigo ya zaɓi ɗan rubutu, ya karanta, malami ya yi masa tambayoyi a kai, ya ba shi maki bisa ashirin. Abin da malami ya rubuta ya zauna.

Aji ɗaya aka ba mu ni da Mushe Sanusi (mushe muke ce wa malamin makaranta a nan), kowa da teburinsa. Shi wannan bawan Allah wani tsohon ƙamus gare shi, wanda ya sa dukawa suka yi wa riga ta fata. Kullum yana hammatarsa, har wurin suna. Aikinsa tono kalmomin da Turawan da kansu suka binne tun zamanin kakanninsu: sunan mai fiƙe kibiya, sunan mai kunna fitilun titi kafin lantarki. Amma ka ce ya tambayi hanyar tasha da Ingilishi, sai gumi.

Da hantsi wata mata ta shigo, Hadiza daga Gangara, da goyo a bayanta. Ba 'yar lakol ba ce, ba ta zuwa makaranta, daga gida ta yi rajista. Shara take yi a likitar garinsu, wato asibiti, an ce mata in ta kawo burebe za a tura ta koyon ungozoma. Shekarunta sun kai bakin iyaka, in ta faɗi bana shi ke nan. Ta zauna a Katsina da mijinta kafin ya rasu, don haka Ingilishi a bakinta yake. Rashin sa'a ya kai ta teburin Sanusi.

Ta karanta rubutun tas, ina ji daga inda nake. Ta amsa tambayoyi biyu ba gargada. Sai na ga gogan naku ya gyara tabarau ya buɗe ƙamus. Na ce a raina, to, an zo wurin.

"Mece ce ma'anar wainwright?"

Ta ce, "Mushe, babu ita cikin rubutun."

"Ni na tambaye ki abin da ke cikin rubutu?"

Ta sake duba rubutun. Ya jingina da kujera yana murmushi, ya ce mai ƙera amalanke ke nan, a Ingila ta dā.

Ta ce, "Ikon Allah. Ai sana'ar babana ce." Ta shiga yi masa bayani da Ingilishi yadda ake ɗaura ƙafa da yadda ake auna itacen da jaki zai ja. Ko kallonta bai yi ba. Huɗu ya ba ta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da aka tashi na sami shugaban juri, mai kula da jarrabawar, a buro, wato ofishinsa, na ce kalmar ba ta cikin abin da muke koyarwa, ni kaina ban taɓa jin ta ba. Ya ce, "Mushe Idi, makin malami ba a taɓa shi. Kuma Sanusi masani ne." Masani! Da sakamako ya fito, da ɗan kaɗan Hadiza ta faɗi.

Bara na kai matata awo likitar Gangara, na iske ta da tsintsiya a hannu. Ta gaishe ni da fara'a, ta ce, "Mushe, wainwright. Ka ga ban manta ba. Sauran Ingilishin duk ya gudu, ita kaɗai ta zauna."

Shi kuwa Sanusi yanzu shi ke zagaya makarantu yana duba aikinmu, ƙamus a hammata. Ku sababbin malamai, abin da na koya ke nan: a aikin nan akwai masu yin tambaya don su ji abin da ɗalibi ya sani, akwai masu yi don a ji abin da su suka sani, kuma na biyun sun fi saurin samun girma. In hannunku ya kai kan ƙamus ranar jarrabawa, ku tuna Hadiza tana nan Gangara tana shara.