Rigunan da Yaya ya kawo wa ɗana

Yayana injiniyancin man fetur ya karanta, amma da aiki ya tashi zuwa, a ƙasar waje ya samu, a tashar wutar lantarki ta nukiliya. Ni a firamare na tsaya. Abin da na sani game da nukiliya shi ne na rediyo: bam, da guba mai bin jiki. Ranar da Dada, mahaifiyarmu, ta raɗa mini albashinsa tana murna, ni tsoro ne ya kama ni. Na ce a raina, ba a ba mutum wannan kuɗi sai in lafiyarsa aka saya.

Ya zo hutu ɗana yana wata biyar. Ya hawo keke napep tun daga Bolari har gidanmu a Tumfure, nan Gombe, da leda cike da riguna masu laushi. Ya miƙo hannu.

"Sauko mini da mutumin in gan shi."

"Barci yake, Yaya."

Alhali yaron idonsa biyu a bayana, yana jan ɗankwalina. Yaya ya duba, ya sha ruwa a kofin da na riga na ware masa.

Bayan ya tafi na rasa yadda zan yi da rigunan. Tsoro ya hana ni sa wa ɗana, kyansu ya hana ni ƙonawa. Sai na kai wa maƙwabciyata, 'yar kudu mai ɗinki, wadda ɗanta sa'an nawa ne. Har rungume ni ta yi.

Ranar da Yaya ya dawo sallama, sai ga ta ta shigo gaishe shi, ɗanta sanye da ɗaya daga cikin rigunan, rawaya mai hoton agwagwa. Ya gane rigar. Ya dube ni. Na faɗa masa komai.

Ya yi dariya har da dafa bango. "Ke dai kin cika tsoro! Bututu da famfo nake dubawa, kuma kullum sai an auna mu kafin mu fita. Kuɗin na karatu ne, da na nisan gida."

Sai dariyar ta ɗauke.

"To ke da kika yarda akwai guba a jikin rigunan, ɗan wa kika sa wa?"

Maƙwabciyar a Gombe aka haife ta, Hausa ba ta ɓace mata. Ta gyara riƙon ɗanta, ta ce masa Allah ya kiyaye hanya, ta fita.

Na kwance goyo na miƙa wa Yaya, ban iya ɗaga kai ba. Ya riƙe yaron ya daɗe.

Washegari na tarar da ledar a bakin ƙofa, rigunan a wanke, a goge, a ninke. Har yau muna gaisawa da ita, amma ba ta ƙara bar mini ɗanta in za ta kasuwa ba.