Tankari Mai Karatun Zuba Ido

A Maraɗi aka haifi Tankari, a gidan da in tsohuwa ta sunkuya za ta ɗauki tulu, kowa ke zabura ya riga ta. Haka ya tashi. Ya karanta injiniyanci a Yamai, ya koma gida ya zama malamin makarantar fasaha, ya yi shekaru yana karɓe sukurdireba daga hannun yara yana cewa, "Kawo nan, ba haka ba." Sai da furfura ta fara leƙowa a gemunsa ya samu tallafin digiri na uku a wata jami'a da ke unguwar Tianhe, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ya ɗauko matarsa Balkissa suka taho Guangzhou, garin da ruwan sama ke sauka da ɗumi kamar an sauke shi daga murhu.

Bincikensa a kan yadda ɗaliban injiniyanci ke koyo daga kuskurensu ne. Aikin ba shi da nauyi. Ya zauna a kusurwar ɗakin gwaji, ya kalli 'yan shekarar farko suna haɗa 'yar gada da tsinken gora da gam, ya rubuta abin da suka ce da abin da suka yi. Kada ya yi magana, kada ya taɓa komai.

Ya taɓa. Rukunin farko ya gyara musu ƙafar gada. Na gaba ya yi ta gyaran murya har yaran suka gane. Duk rukunin da ya sa wa hannu, Farfesa Liang, matar da ke duba aikinsa, sai ta soke bayanan.

"Saura rukuni guda a zangon nan," in ji ta. "In ka ɓata shi, tallafinka zai ƙare kafin ka samu abin rubutawa."

Bayan Juma'a, Munkaila ɗan Kumasi, mai loda kaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Tema, ya tare shi a gidan cin abinci.

"Dokta, yau ma kallo aka yini yi? Zo ka kalli kwantenata mana, ko na samu takardar shaida!"

A gida ma bai tsira ba. Balkissa ta dawo daga kasuwar Baima da ƙulli, bai bari ta haye matakala ba ya karɓe.

"Ka gani ko, Malam? Ciwon ke nan. Wallahi in hannun nan ya maida mu Maraɗi ba digiri, kai za ka yi wa Inna bayani."

"Yaro na shirin faɗawa rami, ni ina zaune ina rubuta yadda ya faɗa? Wane irin karatu ne wannan?"

"Wanda ka cika takarda ka roƙa."

Ranar rukunin ƙarshe ya zauna ya danne tafukansa a ƙarƙashin cinya, na'urar ɗaukar magana tana aiki a kan tebur. Tun daga nesa ya hango matsalar: sun bar tsakiyar gadar ba tokara. Zufa ta jiƙa masa riga. Wata yarinya mai tabarau ta ɗago gadar, ta juyo ta dube shi.

"Lawshi, daidai ne?"

Malam, ta ce, da harshensu. Kuma da ladabi. Tankari ya kafa idonsa a kan tagar da ruwa ke gangarowa, ya ji kamar ya bar baƙo tsaye a ƙofar gida.

Aka ɗora nauyi. Gadar ta yi ƙara, ta karye. Yaran suka yi cirko-cirko, sannan gardama ta ɓarke, har wani siririn yaro ya ɗauki guntun gora ya nuna inda tokarar ta kamata ta zauna. Duk na'urar ta ɗauka.

Farfesa Liang ta saurara har ƙarshe, ta ɗaga kai. "Wannan ya shiga. Ka fara rubutu."

Ya fita yana yarfa hannuwansa da suka yi tsami, yana tsaki har bakin tashar jirgin ƙasa.