Ramin da Ishbel Ta Haƙa Don Kama Lachie Rennie

A kwarin Dalvorrie, inda gidajen dafa wiski uku ke shan rafi ɗaya, ruwan da ya fi ba manoma wahala shi ne wanda ya ƙi tafiya. Mutum ɗaya ne ya san hanyarsa a ƙarƙashin ƙasa, wato Lachlan Rennie, wanda kowa ke kira Lachie. Kakan mahaifinsa ne ya shimfiɗa magudanun dutse da ke binne a gonakin sha'ir na kwarin. Na duba takardun coci da na masu ƙasa, ban sami taswirarsu ba. Abin da ya rage daga cikinta yana cikin kan Lachie.

Ba a taɓa tuhumarsa da ƙyuya ba. Aibinsa ɗaya: ba a samunsa. Wayarsa tana kwana a kashe cikin aljihun mota. Matarsa kan ce ya fita, mai raba wasiƙu ta ce jiya ta hangi ƙeyar motarsa. Shi a ganinsa, ruwa ne ke kiran mai magudana, mai gona kuwa sai ya jira.

A watan Afrilun da Lachie ya cika shekara sittin da takwas, ruwa ya kwanta a gonar Ishbel Cattanach, wadda suka yi firamare tare. Shekararta ta farko ke nan tana noma ita kaɗai bayan rasuwar mijinta. Gidan wiskin da ke ƙasan gada ya sanar da ita cewa idan ba ta shuka ba kafin ƙarshen wata, zai nemi sha'ir wurin wani manomi. Ta aika wa Lachie saƙo sau biyar, ko tari bai yi ba.

Ishbel ta san abin da 'yan ajinsu kaɗai suka sani: Lachie ba ya iya ganin aikin banza ya wuce. Ranar Talata, da yake takan zama ranar da yake zuwa sayen taba, ta ɗauki shebur ta nufi gefen titi. Ta zaɓi wuri mafi tudu a gonar, ta fara haƙa kwata mai fuskantar dutse.

Motar Lachie ta wuce. Ta yi tafiya kaɗan, ta tsaya, ta dawo da baya.

"Ishbel, kabarin wa kike haƙa?"

"Magudana ce. Wuce abinka, taba na jiranka."

"Magudana? Ruwan naki tsani zai taka ya hau?"

"Haka na gani a wani littafi."

"Wanda ya rubuta shi ko bahon wanka bai taɓa zubarwa ba. Tun muna aji uku kike riƙe fensir kamar cokali, yanzu kuma shebur. Miƙo nan, baiwar Allah, kafin mutane su ce ni na koya miki."

"Ai kai ba ka da lokaci, ranka ya daɗe. Sau biyar na aika."

Ya fito daga motar. Ya tsallake katanga, ya bi gonar yana duban inda ciyawa ta fi duhu, ya tsaya kusa da wata bishiya a kusurwar ƙasa. Ya soka sandarsa ta ƙarfe sau uku, a na huɗu ta bugi dutse. Kafin azahar ya buɗe tsohuwar magudanar, ya zaro dunƙulen saiwa mai kaurin cinyar rago. Ruwa ya yi gurnani ya bi hanyarsa zuwa rafi.

Ta kawo masa shayi da burodin alkama a bakin ramin. Ya kurɓa, ya dube ta.

"Marigayi mijinki ya nuna miki wurin nan. Ina tsaye."

"Ya nuna mini."

"To me ya kai ki kan tudu?"

"Daga nan ƙasa ba a hango ni daga titi."

Ya ƙarasa cin burodinsa. Da zai tafi, ya hau tudun ya cike ramin da ta haƙa, ya daddaɓe shi, domin ko wannan ba ta san yadda ake yi ba.

Ishbel ta shuka sha'irinta saura kwana huɗu wata ya ƙare. Sai dai ba ta iya riƙe asiri ba. Kafin kaka, na ƙirga ramuka goma sha ɗaya a gefen titin Dalvorrie, kowanne a wurin da mai hankali ba zai haƙa ba, har da na limamin coci da na manajan gidan wiski. Lachie ya koma bin tsohuwar hanyar daji idan za shi sayen taba. Tafiyar ta ƙaru da mil shida, kuma a bara aka ga sabon rami a can ma.