Madubin Shagon Yaya

Yayata ta fara kitso tun kafin ta iya ɗaurin ɗankwali. A kaina ta koya, kuma har gobe ban yafe mata ba, don akwai wani wuri a bayan kunnena da gashin ya yi yaji bai dawo ba. Da ta yi aure sai tsakar gidanta ya koma wurin aiki. Ita a kan 'yar gajeriyar kujera, wadda ake wa kitso kuma a tabarma, tsakanin ƙafafunta, ta ba ta baya. Mata har layi suke yi, wai hannunta da sanyi. Ni dai ban taɓa jin sanyin nan ba.

Shekara da shekaru tana mafarkin shago, mijinta ma ya gaji da tsintar gashi a cikin miya. Ta yi 'yan watanni a wani babban shagon gyaran gashi, ta koyi wankin kai da busarwa da yin kitso a tsaye. Sannan ta kama ɗaki tsakanin tela da mai cajin waya, ta sa kujera mai juyawa da wurin wanke kai. Abin alfaharinta kuwa madubi ne, daga wannan bango zuwa wancan. Ƙartin da suka ɗauko shi sai da suka haɗa gumi.

Makon farko tsofaffin kwastomominta suka zo, suka sa albarka. Daga nan sai ƙafa ta fara ɗaukewa. Wadda ta zo sau ɗaya, da wuya ta sake zuwa. Hankalin Yaya ya tashi, ta ce tsayuwa ce ta ɓata mata hannu. Ta dinga tsefe kaina tana sake kitsewa don gwaji, har na fara gudunta. Ranar da ta ce mini in watan nan ya ƙare a haka za ta mayar da makulli, tausayinta ya kama ni ƙwarai, don na san ba shagon kaɗai za ta rufe ba, har da kitson.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. Ba ta ƙara kuɗi ba, shagon ya fi gidanta kusa da kowa, kitson kuma yana nan yadda yake. To ina matan suka tafi? Na bi sawu, sai ga su a gidan wata sabuwar mai kitso, wadda tsagarta ko'ina a karkace, sun baje a tabarma suna ta zuba. Na ja wata matar direba gefe, ita da ta fi kowa daɗewa a hannun Yaya.

"Fisabilillahi, me Yaya ta yi muku?"

"Wallahi ba komai," ta ce. "Kitsonta ba na biyunsa. Kawai dai, in na fito shagon nan sai in ji kamar ban je ba."

Washegari na tafi shagon, na samu kusurwa na zauna na zuba ido. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. A gida bakin mata ba ya hutawa, daga ciwon miji sai rigimar dangi. A nan kuwa na ga wata ta buɗe baki za ta yi magana, ta ɗaga ido, suka haɗa ido da Yaya a madubi. Nan take ta gyara zama, ta ce yau ana zafi.

Na gaya wa Yaya abin da na gani. Ta ce, "Ke, raba ni da shirme. Wa ya taɓa ganin shagon kitso ba madubi?"

"Wa ya ce ki cire? Kujerar ba juyawa take yi ba?"

Da ƙyar na lallaɓo matar direba. Yaya ta galla mini harara, ta juya kujerar ta fuskanci bango, ta ɗauki mataji. Daga ƙeya aka fara. Aka yi tsaga ta farko, aka yi ta biyu, ba wanda ya ce uffan, har na fara tunanin ta ina zan sulale. Can sai matar ta ja dogon numfashi.

"Kin san sun ce idon maigidana ba zai warke ba? Ya ajiye tuƙi. Ban gaya wa kowa ba, ko yaran."

Hawaye suka fara zubo mata. Hannun Yaya bai tsaya ba.

"Sunkuya mini kaɗan," Yaya ta ce a hankali, ta dafa kan matar ƙasa. "Yauwa. Ina jin ki."

Na leƙa ƙeyar. Tuni Yaya ta gama kitse ta, ba abin da ya rage a wurin da ke buƙatar sunkuyo.