Karfasar da ta ƙi cin abinci

Ni ba mai yawo ba ce. Tun da aka kawo ni Bande, in ba suna ko gaisuwar rashi ba, ƙafata ba ta wuce bakin zaure. Duniya ce ke zuwa ta same ni a tsakar gida, ni kuwa ina da kunnen tarbar ta. Haka kifin ma suka zo. Wata rana Malam, maigidana, ya dawo daga kasuwar Guci da ƙananan karfasa biyar a cikin bido, wato jarkar ruwa, da ransu, wai wani masunci ne ya ba shi gyara. Ya ce in soya. Na ce wa zai ɓata mai a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba? Na juye su a roba, na barbaɗa musu dusa, suka yo sama suna ci ba ko baƙunta.

Ƙanena yana yankan gilashin tagogi a Magariya. Da ya zo ya gan su, ya yi ta dariya, wai Yaya ta rasa abin kiwo sai abin miya. Amma sati bai zagayo ba sai ga shi da ɗan akwatin gilashi da ya haɗa da ragowar aiki, tsawonsa kamu ɗaya, bido biyu ke cika shi. Na ɗora shi a rumfa, kusa da inda nake ɓarar gyaɗa. Daga nan na san halin kowacce. Akwai babban, mai baƙin haɓa, masifaffe. Akwai kuma wata mai ɗigo a wutsiya, wadda ke zuwa ta karɓi ganyen zogale daga yatsuna. Ita ce tawa.

Kafin kaka sun kai tafin hannu, ɗaki ya yi musu kaɗan. Babban ya haƙa rami a rairayi, faɗinsa kamar ƙaramin faifai, duk wadda ta gitta sai ya bi ta da cizo. Na aika wa ƙanena ya yi mini babba, ya ce sai nan da kasuwa biyu.

A cikin jiran ne tawa ta daina ci. Ta koma bayan wani tsingaro da na sa musu, ta lafe. Maƙogwaronta ya kumbura, bakinta a rufe, tana ɗan motsa shi kamar tsohuwa mai cin goro. In na miƙa zogale sai ta juya mini wutsiya.

Malam cikin shanu ya tashi, kuma dokar garke ɗaya ce a wurinsa: dabbar da ta kwana uku ba ta ci ba, ga kumburi a wuya, a ware ta, a sa mata wuƙa tun ba ta shafa wa sauran ba. Ba mugunta ba ce, ya taɓa rasa maruƙa saboda jinkiri. Ya tsuguna ya daɗe yana duban ta, sannan ya ce:

"Ki sa ta a miya tun tana da amfani."

Na ce masa kifi ba saniya ba ce. Ya ce ciwo bai san wannan ba. Na yi ta magiya, na ce ƙuncin wuri ne da cizon wancan azzalumin, a bari sabon akwati ya zo. Da ƙyar ya yarda. Sharaɗinsa, in ta shiga sabon ɗaki ba ta ci ba, to sai tukunya.

Babu abin da ban gwada ba. Na tono gara a gindin danga, na jiƙa dusa, na murza ƙuli. Sauran suka yi ta ƙiba a kan rabonta. Shi kansa mai hukuncin, ran nan na fito daga madafa na kama shi da ɗan gutsuren kanwa zai jefa musu, irin yadda yake ba shanunsa. Na riƙe hannunsa. Ya ce to ai shi ma ba so yake ta mutu ba.

Akwatin ya iso a amalanken shanu, don babur ba zai iya da shi ba. An naɗe shi da tsohuwar katifa da bargo, ƙanena yana tafe a ƙasa, kowane rami sai ya roƙi mai amalanke da Allah da Annabi. Kamu uku ne tsawonsa. Bido goma sha biyu muka jawo daga rijiya, na wanke rairayi har ruwansa ya fita fes. Ƙanena ya zo da ɗan famfon iska mai aiki da panno, farantin nan na hasken rana, yana ta fitar da kumfa. Ya ce a bar ruwan ya kwana, kuma a haɗa da tsohon ruwansu don kada su ji baƙunta.

Da safe na fara kwashe su da ƙwarya. Huɗu suka shiga, suka yi ta zagaye kamar awakin da aka kwance. Saura tawa. Na sa ƙwarya na tallabo ta a hankali. Tana shiga ƙwaryar sai ta wage baki, wasu abubuwa ƙanana kamar riɗi suka yi ta zubowa. Na ɗauka tsutsar ciki ce take amai. Sai na ga kowane riɗi yana da idanu biyu da wutsiya, yana iyo.

Malam ya sunkuyo ya gani. Inuwarsa na faɗawa kan ruwan, uwar ta buɗe baki, 'ya'yan suka ruga ciki, ta rufe. Kwana goma ke nan tana azumi da garke guda a bakinta. Ya cire hula ya sosa kai.

"Ashe jego take," ya ce.

Na ce, "Malam, in ɗora tukunyar?"

"Ɗora mana. Ki dama mata kunun kanwa."

Ƙanena ya zauna a ƙasa don dariya, ni kuwa ina dariya ina share ido da bakin zane, ƙwarya a hannu, na rasa inda zan ajiye ta.

Malam ne ya ce kada a haɗa su da manyan, ba a sakin ɗan maraƙi cikin bijimai. A nan kam dokar garke ta yi rana. Muka sake kwaso huɗun nan muka mai da su tsohon ɗakinsu, masifaffen yana ta fiffike, mai jego ta samu babban akwati ita da 'ya'yanta. Sai da ƙanena ya yanko gilashin raba tsakiya sannan suka tare.

Bayan kwana uku ta sake su gaba ɗaya. Na miƙa ganyen zogale, ta zo a hankali, ta fizge har ta ciji yatsana. Na ƙwala wa Malam kira yana bakin turke. Ya zo da igiya a hannu, ya kalla, ya ce in ƙara mata, ta rame.